An san fuska, ba a san suna ba: shekara 40 ɗin wani ɗan fim na Ingila

Matsalar a taƙaice

Akwai 'yan fim ɗin da in ka ga fuskarsu a talbijin za ka ce kai, na san mutumin nan, amma in aka ce to faɗi sunansa sai ka hau sosa ƙeya. Su ne masu fitowa a direban tasi, ko yaron bos, ko maƙwabcin nan da ya cika surutu. Turawa na ce musu karakta akto, wato ɗan wasan da ba don kyau ko ƙirar jiki ake kiransa aiki ba, don dai ya iya shiga rigar kowane irin mutum ne. Wanda zan bi diddigin lamarinsa ɗaya ne daga cikinsu, ɗan Landan, sunansa Timothy Spall, kuma ba zan ƙara kama sunan ba tunda dama matsalar tasa kenan. Rol ɗaya na barkwanci ya yi yana ɗan shekara 26, rol ɗin ya manne masa, daga nan aka ajiye shi a layin masu ba da dariya da masu tallafa wa jarumi, sai da ya kai shekara 57 kafin duniyar fim ta miƙa masa babban kambu da sunansa shi kaɗai.

1957 zuwa 1982: tushe

An haife shi a watan Fabrairu 1957 a Battersea, unguwar ma'aikata a kudancin Landan. Babansa ma'aikacin gidan waya ne, mamarsa mai gyaran gashi. Babu wani ɗan fim a gidan. Ya fara da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta matasa ta ƙasa, daga nan ya samu shiga RADA, makarantar koyon wasan kwaikwayo da ta fi kowace suna a Birtaniya, kuma da ya gama a 1978 shi aka ba lambar zinare ta Bancroft, wadda ake ba ɗalibin da ake ganin ya fi kowa nuna alamar zai yi nisa. Bayan nan ya yi wasan daɓe a Birmingham, sannan ya shiga kamfanin Royal Shakespeare, inda ya yi wasannin Shakespeare da Chekhov.

A riƙe wannan, don zai yi amfani a gaba. Yaron ba da barkwanci ya fara ba, horon manyan wasanni masu nauyi ya samu. Sai dai jikinsa na da ƙiba, kumatunsa a cike, haɓarsa ta ɗan shige ciki, ba irin fuskar da furodusa ke nema ya manna a fosta ba.

A 1979 ya ɗan leƙa a fim ɗin Quadrophenia na darakta Franc Roddam, fitowar da ba ta taka kara ta karya ba. A 1982 kuma ya fito a matsayin mai raba wasiƙu a wani fim ɗin BBC na darakta Mike Leigh. Lokacin babu wanda ya ɗauki ayyukan nan biyu da muhimmanci, amma ɗaya ne ya ja shi cikin matsalar, ɗayan kuma ya fitar da shi.

1983 zuwa 1986: rol ɗin da ya ɗaga shi

Shi Franc Roddam ɗin ne ya kawo tunanin wani shiri mai dogon zango, Auf Wiedersehen, Pet, wanda tashar ITV ta fara haskawa a watan Nuwamba 1983. Labarin wasu ma'aikatan gini ne su bakwai 'yan Birtaniya da rashin aiki ya kora zuwa Dusseldorf ta Jamus, suna kwana a ɗaki ɗaya a wajen aiki kamar 'yan ci-rani. Shirin ya zo a daidai kan gaɓa, don a 1982 marasa aikin yi a Birtaniya sun haura miliyan 3, zamanin Margaret Thatcher, kusan kowane gida na da wanda abin ya shafa, shi ya sa mutane suka rungume shi.

Mutumin namu ya fito a Barry, mai aikin wayarin, mutum mai zuciyar kirki amma ga gundura, in ya fara bayani sai abokan sun gudu, ga shi da karin harshen yankin Birmingham mai ja a hanci wanda Turawan Ingila suka daɗe suna tsokana. Ya iya karin harshen nan har mutane da yawa suka ɗauka ɗan can ne, alhali a bakin kogin Thames ya tashi. An yi zango na biyu a 1986, kowane zango kashi 13.

Toh daga nan aka fara. A titi Barry ake kiransa, kamar dai yadda mu ma a nan muke binne sunan yanka na ɗan wasa mu riƙa kiransa da sunan da ya fito da shi har ya zame masa jiki. Su ma masu rabon rol abin da suka gani kenan, mai ƙiba mai ban dariya, wawa-wawa, wanda za a tausaya wa. Lambar zinaren RADA ba ta cikin lissafi kuma.

1986 zuwa 1995: abin da aka gwada

Hanya ta farko ita ce guje wa barkwanci ta hanyar karɓar rol na mutane masu ban tsoro ko ban ƙyama a finafinan manyan daraktoci. A 1986 ya fito a likita Polidori a fim ɗin Ken Russell. A 1990 ya fito a finafinai biyu na ƙasa da ƙasa, ɗaya na Clint Eastwood inda ya yi matuƙin ƙaramin jirgin sama, ɗayan kuma The Sheltering Sky na Bernardo Bertolucci, wanda aka ɗauka a Maroko da Aljeriya da Nijar, inda ya fito a wani saurayi maroƙi mai ɗan hali da ke yawo da uwarsa a hamada. Ya yi ƙoƙari a duka, amma sina-sinansa kaɗan ne, kuma masu kallon talbijin na gida da suka san Barry yawancinsu ba su ne masu zuwa kallon irin waɗannan finafinan ba. Sakamakon shi ne an ƙara masa layi na biyu, bayan wawa mai ban dariya yanzu akwai mugu mai ban ƙyama, duka dai a gefe.

Hanya ta biyu ita ce ya ja shiri da kansa a talbijin. Daga 1993 zuwa 1994 ya ja wani shirin ITV a matsayin ɗan bumburutun tikiti da ke son zama babban mai shirya wasanni, daga 1994 zuwa 1996 kuma yana cikin manyan 'yan wasa huɗu na wani shirin barkwanci kan ƙungiyar kurket. Aiki ya samu, abinci ya samu, sunansa ya hau sama a jerin 'yan wasa. Amma duka biyun dariya ce dai, ba su canza yadda ake kallonsa ba.

Hanya ta uku: ɗakin rihazal na Mike Leigh

Wannan sai an ɗan tsaya a kanta, don yadda Mike Leigh ke aiki ya sha bamban da na kowa. Shi ba ya zuwa da rubutaccen labari ya ce wa zai dace da wannan rol. 'Yan wasa yake fara ɗauka. Sai ya zauna da kowannensu shi kaɗai, ya ce lissafo mini mutanen da ka sani a rayuwa, maƙwabta, abokan makaranta, wanda kuka taɓa aiki tare, daga cikinsu a zaɓi ɗaya ko biyu a fara gina sabon mutum tun daga haihuwarsa, makarantar da ya yi, abin da yake ci da safe, abin da yake jin kunyarsa. Ana shafe watanni ana haka, wani lokaci har wata shida, sannan a fara haɗa 'yan wasan suna magana da ka a cikin rol, kuma dokar ita ce babu wanda zai san wani abu da wanda yake wakilta bai sani ba. Sai a ƙarshe ake tace maganganun a tsayar da su a kunna kyamara.

Ka ga a irin wannan tsarin babu wani rol da aka riga aka rubuta wa kyakkyawan saurayi balle a ce fuskarka ba ta dace ba.

Haɗuwarsu ta 1990 a Life Is Sweet ba ta fitar da shi daga layin dariya ba, ya fito ne a wani mai buɗe gidan abincin Faransa da ko mutum ɗaya bai shigo ba a daren buɗewa. Canjin ya zo a Secrets & Lies na 1996. Labarin wata baƙar fata ce mai aikin gwajin ido, wadda aka ɗauka riƙo tun tana jaririya, ta fita neman uwar da ta haife ta sai ta tarar Baturiya ce mai aiki a masana'anta. Shi ya fito a Maurice, ƙanin uwar, mai shagon ɗaukar hoto, wanda ya wuni yana lallaɓa mutane su yi murmushi a gaban kyamara alhali gidansa babu daɗi, matarsa ba ta haihuwa kuma sun ɓoye wa kowa, yayarsa da matarsa ba sa ga maciji. Kusan duk fim ɗin haɗiye magana yake yi. Akwai inda ya je gidan yayar, ta rungume shi tana kuka a tsohon ɗakin iyayensu, shi kuma ya tsaya ƙiƙam da katon jikinsa bai san inda zai sa hannu ba, wallahi duk wanda ya taɓa zama mai ɗaukar nauyin dangi zai gane tsayuwar nan. Sai a walimar cikar 'yar yayar shekara 21, bayan asiri ya tonu, ya fashe, ya ce mutum uku da ya fi so a duniya sun tsani juna shi kuma yana tsakiya ya gaji. Jikin da aka saba yi wa dariya shi ne dai, kumatun su ne, amma babu mai dariya.

Mayu 1996: ciwo

Fim ɗin ya shiga gasar Cannes ta Faransa, ana shirin tafiya sai gwajin asibiti ya nuna yana da sankarar jini, irin mai saurin ci. Shekararsa 39, ga mata ga yara uku. Abokan aikinsa suka tafi, fim ɗin ya ci Palme d'Or, kambu mafi girma a bikin, Brenda Blethyn da ta fito a yayarsa ta ci kambun jaruma, shi kuwa yana kwance ana ɗura masa maganin kansa. Daga baya fim ɗin ya shiga takarar Oscar a rukuni biyar, babu sunansa a ciki, amma BAFTA, babbar lambar yabon fim da talbijin ta Birtaniya, ta saka shi a takarar babban jarumi, karon farko kenan.

Wato a daidai lokacin da ya kamata ya zaga duniya ana hira da shi ana haɗa fuskar da suna, lokacin ne ya ɓace daga idon jama'a. Ya warke. A gadon asibitin ya ci alwashin in ya tashi zai mallaki jirgin ruwa, kuma ya cika, shi da matarsa suka zagaye gaɓar Birtaniya a hankali cikin shekaru, har BBC ta yi shiri a kan tafiyar daga 2010.

1998 zuwa 2013: aiki ba ƙaƙƙautawa

Da ya dawo, irin rol ɗin da ake ba shi a gida ya canza. A 1998 ya fito a shirin BBC da aka ciro daga littafin Charles Dickens, a 1999 ya yi mai kula da tsohuwar taskar hotuna a shirin Stephen Poliakoff, a shekarar kuma ya koma wajen Leigh a Topsy-Turvy. Duka ukun sun kai shi takarar BAFTA, wani fim ɗin talbijin na Danny Boyle a 2001 ya ƙara masa ɗaya, takara biyar kenan in aka haɗa da ta farko, kuma bai ci ko ɗaya ba. An dai ba shi lambar girmamawa ta OBE a 2000.

Ya ja fim a matsayin babban jarumi har sau biyu da ya kamata a ambata. A 2002 Leigh ya ba shi direban tasi da rayuwa ta gajiyar a All or Nothing, fim ɗin ya je Cannes amma bai yi kasuwa irin ta Secrets & Lies ba. A 2005 ya fito a Albert Pierrepoint, haunin gwamnatin Birtaniya da ya rataye mutum sama da 400 ciki har da 'yan Nazi da aka yanke wa hukunci bayan yaƙin duniya na biyu. Masu sharhi sun yaba, amma ƙaramin fim ne, bai isa ga jama'a da yawa ba.

Holiwud kuwa layin da ta sani ta ci gaba da ba shi. Tafinta a gefen Tom Cruise a The Last Samurai a 2003, yaron mugu a nan, ɗan koren alƙali a can, sai kuma wanda ya fi kowanne kai fuskarsa duniya, maci amanar nan da ya ɓuya a siffar ɓera shekara 12 a finafinan Harry Potter daga 2004. Yara a ko'ina sun san shi, amma da sunan ɓera. A 2010 ya yi Winston Churchill a The King's Speech, ya sake sa rigar a bikin rufe gasar Olamfik ta Landan a 2012. Har Barry ma ya koma, da BBC ta farfaɗo da shirin a 2002 da 2004, wannan karon ba tare da ya sake maƙalewa ba.

2014: Mr. Turner

Leigh ya daɗe yana son yin fim kan J.M.W. Turner, mai zanen teku da hadari da hasken rana, wanda ya rayu daga 1775 zuwa 1851 kuma Ingila ke ji da shi. Ya gaya wa mutumin namu tun da wuri, shi kuma ya kama zuwa wajen malamin zane, kimanin shekara biyu yana koyo kafin a fara rihazal, har ya kai ga kwafar cikakken zanen Turner da fentin mai. Dalili shi ne kyamara za ta tsaya a kan hannunsa, ba a so a yanka a nuna hannun wani.

Shi Turner ɗin ɗan mai aski ne daga Covent Garden, gajere, mai kauri, mai karin harshen talakawan Landan, ba shi da fasalin manyan mutanen da ke sayen zanensa. A fim ɗin, mai tsawon minti 150, rabin maganarsa gurnani ne, wani na yarda, wani na raini, wani na baƙin cikin da ya kasa fitowa. Yana tofa yawu a kan zane ya murza da yatsa. Inda ya fi taɓa ni shi ne bayan rasuwar babansa, ya je wajen wata karuwa don ya zana ta, yana cikin zanen sai kuka ya ƙwace masa, wani irin kuka mai kama da na dabbar da aka soka.

A watan Mayu 2014, shekara 18 bayan bikin da ciwo ya hana shi zuwa, Cannes ta ba shi kambun jarumin jarumai. A jawabinsa ya ce ya daɗe yana ƙawar amarya, yau ne karon farko da ya zama amaryar. Ƙungiyar masu sharhin fim ta New York da kuma lambar finafinan Turai duk sun ba shi. Amma da aka fitar da sunayen Oscar a farkon 2015, fim ɗin ya samu takara huɗu, hoto da sutura da tsara wuri da kiɗa, babu shi. BAFTA ta gida ma ba ta saka shi ba.

2015 zuwa 2024

Bayan fim ɗin Turner, mutumin namu ya rage ƙiba sosai, har wasu suka kasa gane shi, kuma ya faɗa cewa yana so ne ƙofofin rol su ƙara buɗewa. A 2016 kaɗai ya yi Ian Paisley, ɗan siyasar Ireland ta Arewa, ya kuma yi David Irving, marubucin da ya sha kaye a kotun Landan a 2000 kan musanta kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa. A 2019 ya sake yin wani mai zanen, L.S. Lowry. A 2021 aka baje kolin zane-zanensa na kansa a Landan.

A 2023 BBC ta haska The Sixth Commandment, kashi huɗu, labarin gaske na wani tsohon malamin makaranta mai riƙo da addini, mai fama da kaɗaici, wanda wani matashi ya shiga jikinsa ya yaudare shi. A watan Mayu 2024 ya ci BAFTA ta babban jarumin talbijin da wannan rol, ta farko a rayuwarsa, yana da shekara 67, shekara 40 da 'yan watanni bayan fitowar Barry.

Yadda nake ganin lamarin

Ni a ganina hanyoyi biyun farko sun gaza ne saboda dalili ɗaya. Duk rol ɗin da aka riga aka rubuta, mai rabon aiki da ido yake cika shi, ya kalli fuska ya ce wannan wawa ne ko mugu, don haka ko wane babban darakta ka bi, a layin da fuskarka ta ajiye ka za ka tsaya. Abin da ya yi aiki shi ne wurin da aka fara da ɗan wasan kafin labarin, kuma ba sau ɗaya ba, fim shida suka yi da Leigh cikin shekara 32, kowanne na ɗora wa na baya. Ba don Maurice ba da babu wanda zai yarda a ɗora masa fim na minti 150.

Maganar rage ƙiba kuwa ina ganin ana ba ta nauyin da ya wuce nata. Ta taimaka, ba musu, da wuya a ba shi Lowry ko malamin makarantar nan da tsohon jikinsa. Amma Cannes da ƙibarsa ya ci ta, kuma Maurice da Turner duka sun dogara ne a kan wannan jikin da aka ce ba na jarumi ba ne. Sannan ƙananan rol ɗin Holiwud da za a iya rainawa, ina zaton su ne suka ba shi sararin da zai iya ajiye watanni yana rihazal, ya kuma yi shekara biyu yana koyon riƙe burushi.

Abin da har yanzu ke ci mini rai shi ne 1996 da kuma 2015. Na farkon ƙaddara ce, babu mai laifi. Na biyun kuwa mutane ne suka zauna suka zaɓa, suka yaba rigar da ya sa da ɗakin da ya tsaya a ciki da hasken da ya sauka a kansa, suka tsallake shi, kuma ban yarda an yi masa adalci ba. Matsalar ma ba ta gushe gaba ɗaya ba, a wajen Birtaniya har gobe ɓeran Harry Potter ne a wurin mutane da yawa. A 2025 BBC ta ba shi jagorancin wani sabon shiri da aka yi a Wales, Death Valley, inda ya fito a tsohon ɗan wasan da ya yi ritaya, wanda jama'a suka fi sani da rol ɗin ɗan sandan ciki da ya taɓa yi a talbijin.